Tsuntsaye Masu Cin Rani da Mutanen da Ke Ƙidaya Su

Darasi domin makarantu, da ajin manya, da manoman ƙasar Baure

Duk wanda ya tashi a ƙasar Baure ya san shamuwa. Idan bazara ta yi nisa, zafi ya kai matuƙa, wajen watan Afrilu ko Mayu, sai wata safiya a wayi gari a gan ta bisa kuka ko tsamiyar da ke tsakiyar gari, tana gyaran tsohuwar sheƙarta. Ran nan dattawa sukan ce a fito da iri a duba, a kai garma da hauya maƙera, gama ruwa ya yi kusa. Ba a jifarta, ba a ɗibar ƙwanta, yaron da ya kuskura ya ɗaga mata danƙo kuwa ya san abin da zai tarar a gida. Za ta yi ƙwai biyu ko uku, ta ƙyanƙyashe, ta ciyar da 'ya'yanta da fara da tsutsa, sa'an nan in kaka ta yi, aka kai amfanin gona rumbu, sai a neme ta a rasa.

To, ina take zuwa? Wannan tambaya tana da amsa yanzu. Waɗansu masana daga ƙasar Danmak sun ɗaura wa shamuwoyi 'yar na'ura a Jamhuriyar Nijar, irin wadda tauraron ɗan'adam ke bin sawunta, suka buga sakamakon a 2006. Sai ga shi shamuwar da ta yi damina a ƙauyen Hausawa ta ƙetare tsakiyar Afirka, ta sauka Tanzaniya, ta zarce har Zimbabuwe. Dalili kuwa shi ne, sa'ad da ake rani a nan, can damina ake yi. Watau shamuwa bin ruwa take yi, domin inda ruwa ya sauka nan fara take.

Amma irin wannan na'ura tana da tsada, tsuntsaye kaɗan ne aka taɓa ɗaura wa. Mafi yawan abin da aka sani game da tafiye-tafiyen tsuntsaye ba ta nan ya fito ba. Ya fito ne daga hannun malaman makaranta, da akawuna, da manoma, da ɗalibai, waɗanda suka riƙa dubawa suna rubutawa shekara da shekaru, ba wanda ya biya su ko anini. Labarin aikinsu, da dalilin da ya sa ya shafi mutumin Baure, shi ne abin da wannan darasi ya ƙunsa.

Matafiya iri biyu

Tsuntsayen da ke zuwa ƙasar Daura su koma sun kasu biyu. Akwai baƙin damina, waɗanda ba su fita Afirka, kudu da arewa kawai suke yi. Shamuwa ce shugabarsu. Akwai kuma baƙin rani, waɗanda ke hayayyafa a Turai da yammacin Asiya, idan sanyin can ya matso, ƙwari suka ɓace, sai su ƙetaro Bahar Rum da Hamada su sauka a nan wajen Satumba da Oktoba, su koma wajen Maris da Afrilu. Waɗannan 'yan cin rani ne sosai, ba su da bambanci da saurayin da ke barin Babban Mutum ko Yanduna bayan girbi ya tafi birni neman abin sawa a baka, ya komo da faɗuwar ruwa. Wani ƙiyasi da aka buga a 2009 ya nuna ƙananan tsuntsaye wajen miliyan dubu biyu ne ke tasowa daga Turai zuwa kudu da Hamada kowace shekara.

Yawancinsu ba su da kwarjini. Akwai tsattsewa, akwai ɗan tsuntsun nan mai rawayan ciki da ke bin ƙafafun shanu yana kaɗa wutsiya, akwai kuma ƙananan masu launin ƙasa da ke shiga cikin ƙaya suna tsintar ƙwari, waɗanda ko suna ba a damu a ba su ba. Ɗayansu nauyinsa bai fi na ƙwayar goro ba. Duk da haka sai ya ƙetare Hamada, tafiyar da ta fi kilomita 1,500, babu ci babu sha. Guzurinsa kitse ne. Kafin ya tashi sai ya yi makonni yana ci ba ƙaƙƙautawa, har waɗansu sukan kusan ninka nauyinsu, kitsen nan kuwa shi ne mai da jiki ke ƙonawa a hanya. Ashe ke nan ƙasashen da ke bakin Hamada, irin su Baure da Zango da Mai'aduwa, su ne zangon farko na mai isowa, su ne kuma kasuwar ƙarshe ta mai komawa. In ya iske kasuwar ta watse, ba zai kai gida ba.

Yadda aka gano hanya

Turawan da can ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa da sanyi ba. Har akwai masana a cikinsu da suka rubuta cewa tsattsewa nutsewa take yi cikin laka a gindin tafki ta yi barci sai bazara. A 1822 aka harbe wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, aka iske kibiya irin ta Afirka a soke a wuyanta. Wani maharbi ne ya harbe ta a wannan nahiya, ba ta mutu ba, ta tashi da kibiyar har Turai. Gawarta tana nan a ajiye a Jami'ar Rostok har yau.

Wanda ya mai da abin ilimi mai tsari kuwa malamin makaranta ne a Danmak, sunansa Hans Christian Mortensen. A 1899 ya fara yanka ƙananan zobba na gorar ruwa, yana buga musu lamba da adireshi, yana maƙala wa tsuntsaye a ƙafa, ya sake su. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. In wani ya tsinci tsuntsun a wata ƙasa ya aiko da lambar, an san wurare biyu da ranaku biyu na rayuwarsa. Zobe ɗaya ba ya faɗin kome, amma in aka tara dubbai sai hanya ta fito kamar burtali.

Wannan aiki ya iso Nijeriya ta Arewa tun kafin samun mulkin kai, ya kuma yi ƙarfi bayansa. A Kano akwai R. E. Sharland, wanda aikinsa na yau da kullum daban ne, amma ya shafe shekaru masu yawa yana sa wa tsuntsaye zobe a lokacin hutunsa, yana tattara rahoton ƙasa duka kowace shekara. A Vom akwai V. W. Smith, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai Hilary Fry. A 1964 masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Nijeriya, wadda daga baya ta faɗaɗa ta zama ta Afirka ta Yamma, take fitar da mujallar Malimbus tun 1979. Daga zobban da aka sa a Kano da Vom aka tabbatar cewa ɗan tsuntsun nan mai bin shanu, wanda Bafulatani ke gani kullum a makiyaya, a kudanci da gabashin Turai yake sheƙa. A 1967 kuma Fry da abokansa suka sauka Malam Fatori a bakin Tafkin Cadi, suka riƙa kama tsuntsaye suna aunawa suna saki, suka ga da idonsu yadda kitsen guzuri ke taruwa kafin tashi.

Abin da ya faru a 1969

Zobe yana faɗin inda tsuntsu ya je, amma ba ya faɗin ko tsuntsaye suna ƙaruwa ko suna raguwa. Wannan sai ƙidaya. A Amurka an fara ƙidayar sa-kai tun 1900, lokacin da Frank Chapman ya ba da shawara a bar al'adar gasar harbin tsuntsaye ranar Kirsimeti a koma ƙirga su. Mutum 27 ne suka amsa a shekarar farko. A Ingila kuwa, tun 1962 'yan sa-kai suka riƙa zagaya gonaki da kurmi, kowa da yankinsa, suna rubuta adadin tsuntsayen da ke sheƙa.

Shekara bakwai da fara wannan sai ga amfaninsa. A bazarar 1969 wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda da ba a rasa shi a kowane shinge, ya ƙi dawowa. Da aka haɗa littattafan masu ƙidaya, aka ga wajen kashi bakwai cikin goma sun ɓace a shekara guda. Aka duba ko cuta ce, ko maganin ƙwari, ba a sami dalili a Ingila ba. Sai a 1974 masana uku suka buga bayani cewa dalilin yana bakin Hamada: daminar 1968 ba ta yi kyau ba a yankin Sahel, itatuwa ba su yi ganye da 'ya'ya sosai ba, ƙwari suka yi ƙaranci, tsuntsayen suka tashi ba isasshen guzuri, suka halaka a hanya.

Mai karatu zai lura da shekarun. Wannan fari shi ne wanda ya ci gaba har ya kai matuƙa a 1972 da 1973, ya kashe dabbobi ba iyaka, ya kori mutane daga gidajensu a arewacin Nijeriya da Nijar. Watau littafin wani mai ƙidayar tsuntsaye a ƙauyen Ingila ya nuna alamar masifar tun kafin manyan hukumomin duniya su farga da ita. Abin da ya ci tsuntsun shi ne ya ci saniyar, shi ne ya ƙona geron.

Gawo da darbejiya

Masu bincike daga Holan, a ƙarƙashin Leo Zwarts, sun shafe shekaru suna bin yankin Sahel itace bayan itace, suna ƙirga tsuntsayen da ke kan kowanne, suka buga abin da suka gani a 2015. Sakamakon ya kamata kowane manomi ya ji shi. Baƙin tsuntsaye ba kowane itace suke sauka ba. Mafi yawan ire-iren itatuwa ba su kula su ko kaɗan. Inda suke taruwa shi ne kan masu ƙaya: gawo, da danginsa irin su farar ƙaya da bagaruwa, da aduwa, da kuma itacen asawaki mai ƙananan 'ya'ya. Darbejiya da turare, waɗanda aka kawo daga waje aka cika garuruwa da su, kusan ba su da baƙo.

Bayanin da masanan suka bayar yana da ma'ana. Itacen da ke tsare kansa daga dabbobi da ƙaya ba ya bukatar sa ɗaci ko dafi mai yawa a ganyensa, saboda haka ƙwari suna samun ci, tsuntsu kuma yana samun ƙwari. Darbejiya kuwa da ɗaci take tsaron kanta, shi ya sa ma ake zuba ganyenta a rumbu. Wannan ba aibu ba ne ga darbejiya. Inuwarta da itacenta ba wanda zai raina su. Amma dubun darbejiya ba za su maye gurbin gawo ɗaya ba ga tsuntsun da ya sauko daga Hamada da yunwa.

Gawo kuma yana da wata baiwa da kowa ya sani: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Ashe lokacin da baƙin rani suke nan, shi ne lokacin da yake da ganye da fure da ƙwari. Manomi ma ba ya bukatar a gaya masa darajarsa, tun da ya ga yadda gero ke yi a gindinsa, ya ga yadda awaki ke rububin 'ya'yansa. Magabata sun san haka. A ƙarni na 19, zamanin da Baure take masarauta mai bin Damagaram, an ruwaito cewa sarakunan Damagaram sun kafa doka mai tsanani ƙwarai a kan saran gawo. A wannan zamani kuma, tun daga tsakiyar shekarun 1980, manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututture da saiwa a gonakinsu, suna rage rassa suna barin mai ƙarfi, abin da ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya ta kai hekta miliyan 5. Yankin Magarya, wanda ke maƙwabtaka da wannan gefe na iyaka, yana cikin wuraren da gawo ya fi dawowa. Wanda ya je cin kasuwa can ya gani. Ba don tsuntsaye suka yi ba, don gero da abincin dabbobi da itacen girki suka yi, amma tsuntsaye sun ci riba.

Malam-buɗe-littafi

Cewa tsuntsu yana ƙetare Hamada abin mamaki ne, amma ana iya yarda. Cewa malam-buɗe-littafi yana yin haka, wannan sai da hujja.

Akwai wani iri da masana ke kira Vanessa cardui. Fukafukansa ruwan goro ne da baƙaƙen zane, bakin fiffiken gaba baƙi ne da fararen ɗigo, faɗinsa duka bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Kowace bazara yakan bayyana a Turai, wata shekara kaɗan, wata shekara kamar fara. Da kaka sai ya ɓace, har waɗansu suka ɗauka mutuwa kawai yake yi in sanyi ya zo. A 2009 aka yi shekarar yawansa. Jama'a a ƙasashen Turai suka aika da rahoton gani wajen 60,000, aka haɗa da abin da na'urar hangen sama ta nuna a kudancin Ingila: wajen miliyan 11 sun shiga da bazara, wajen miliyan 26 sun fita da kaka. Dalilin da ya sa ba a ganin komawarsu shi ne, can sama suke bi, fiye da mita 500, inda iska ke tura su kudu.

Saura a san inda suke sauka. A kakar 2014 masana biyu daga Basalona ta ƙasar Sifen, Gerard Talavera da Roger Vila, suka zo neman su kudu da Hamada. Suka iske su suna wucewa dubbai a Cadi, suka kuma iske fiye da 20,000 suna fitowa daga kwansonsu a fili guda a gefen kogin Kwara, a arewacin Jamhuriyar Benin. Sa'an nan aka auna fukafukan waɗanda aka kama. Ruwan saman kowane yanki yana da wata alama tasa a cikin sinadarinsa, alamar tana shiga ganye, daga ganye ta shiga tsutsa, ta zauna a fiffike ba ta canzawa. Da wannan aka tabbatar cewa waɗanda ake kamawa a Sahel da kaka, da yawansu a Turai suka yi tsutsa, waɗansu da ake kamawa a bakin Bahar Rum a farkon shekara kuma kudu da Hamada suka yi tasu.

Bambancinsa da tsuntsu shi ne, wanda ya tafi ba shi ke dawowa ba. Rayuwarsa makonni ce. Ya iso nan ƙarshen damina, lokacin da ciyawa take kore, ya yi ƙwai ya mutu. 'Ya'yan su matsa kudu, jikoki su juyo arewa. Zagayen duka yana kai kilomita 12,000 zuwa 14,000, kuma sai an yi zuriya shida ko fiye kafin a rufe shi, ba kuwa wanda ya taɓa nuna wa wani hanya. Binciken da aka buga a 2021 ya nuna yawan da Turai ke gani da bazara ya danganta ƙwarai da yadda ciyayi suka yi kore a Afirka ta Yamma a watannin da suka gabata. A 2024 ma aka tabbatar cewa waɗansu da aka tsinta a gaɓar teku a Giyana ta Faransa, a Amurka ta Kudu, cikin Oktoba 2013, daga Afirka ta Yamma iska ta ɗauke su, tafiyar kilomita 4,200 a bisa ruwa.

Akwai kuma na gida, waɗanda yaro zai iya nazarinsu a bayan gari. Mai ruwan goro da farin ɗigo da ke shawagi a hankali kusa da tumfafiya, a kanta tsutsarsa ke ci, daga nan take ɗaukar dafin da ke hana tsuntsaye cinsa. Fari ko rawaya mai saurin tashi, wanda wani lokaci ake ganin ayarinsa ya nufi gefe guda, tsutsarsa tafasa da rai-ɗore da danginsu take ci. Wanda ya san abincin tsutsa ya san inda zai nemi uwar.

Dausayi

Gabas da Baure, a Jihohin Jigawa da Yobe, akwai dausayin Haɗeja da Nguru, inda agwagin ruwa da sauran tsuntsayen fadama na Turai ke sauka tare da na gida, irin su kirinjijiya da ɗinya. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya kowane watan Janairu, yawancin masu yinta kuwa 'yan sa-kai ne. A wannan dausayi, a shekarun da ambaliya ta yi kyau, ƙidayar takan kai dubu ɗari biyu ko fiye. An kafa shirin kiyaye shi a 1987, aka sa Tafkin Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya ta bi a 2008. Madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 sun rage ambaliyar da ke ciyar da shi, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Masunci da manomin shinkafa da makiyayi duk sun ji a jikinsu. Gauraka, wanda da ake jin kukansa a fadamun Arewa, yanzu ya kusa ƙarewa a dajin Nijeriya, saboda bushewar fadamu da kuma kama shi da ake yi a kai gidajen masu hali don ado.

Baure ba ta da irin wannan dausayi. Amma tafkunan da ke riƙe ruwa har cikin rani, da madatsun Sabke da Daberam a wajen Daura, masauki ne ga masu wucewa, kuma sun cancanci a duba su a Janairu.

Maganar jan-baki

Manomi zai ce: ana ta yabon tsuntsaye, an manta da wanda ke cinye gero? Tambaya ce ta gaskiya. Jan-baki ɓarna yake yi, taronsa yana iya gama gona kafin a yi sallar azahar, kuma ba wanda zai ce wa mai gona ya zuba ido. Amma jan-baki ɗan Afirka ne mai cin tsaba, baƙin da ake magana a kansu kuwa mafi yawansu ƙwari suke ci. Shamuwa da balbela fara suke kwasa. Akwai wani irin shaho mai launin toka da ke shawagi ƙasa-ƙasa bisa gonaki da rani, wanda wata ƙungiya a Holan mai dogaro da 'yan sa-kai ke tsare sheƙarsa a gonakin alkama can, ta kuma bi sawunsa har Nijar; abincinsa a nan galibi fara ne. Haɗarin shi ne, maganin da ake fesa wa jan-baki, da gubar da ake zubawa a bakin ruwa, ba su tambayar sunan tsuntsu. Saboda haka sanin wane ne wane ba aikin banza ba ne. Wanda bai rarrabe ɓarawo da mai gadi ba, zai kori duka biyu.

Aikin da ke gaban mutumin Baure

A Disamba 2015 aka fara shirin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya, ƙarƙashin cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos. An raba ƙasar duka gida-gida, kowane gida wajen kilomita 9 tsawo da faɗi. Ɗan sa-kai yakan zaɓi gida ɗaya, ya yi aƙalla sa'a biyu yana yawo a cikinsa, ya rubuta kowane irin tsuntsu da ya gani ko ya ji, cikin kwanakin da ba su wuce biyar ba, ya aika ta wayar hannu da manhajar BirdLasser. Matasan Arewa sun kafa rukuninsu a cikin shirin, suna fita tare suna koya wa juna. Ga malam-buɗe-littafi kuwa hoto ya isa, in an haɗa da rana da wuri. Talavera da abokan aikinsa sun nemi jama'a a ko'ina su riƙa aiko da irin wannan shaida, musamman ta tsutsa da ganyen da aka same ta a kai.

Wanda ba shi da waya ba a bar shi a baya ba. Littafin rubutu da fensir sun isa. Makarantar firamare za ta iya ɗaukar aiki ɗaya tak: ranar da shamuwa ta fara sauka a gari, yawan sheƙun da ke kan kowane itace, ranar ruwan shuka, ranar da ta tashi. Shekara ɗaya wannan ba kome ba ne. In aka yi shekara ashirin ba fashi, littafin zai amsa tambayar da dattawa ke gardama a kanta a bakin masallaci, ko shamuwa ta ragu ko ba ta ragu ba, ko damina tana makara ko ba ta yi. Sharuɗɗan uku ne, kuma su ne suka sa ƙidayar Ingila ta yi amfani a 1969: wuri ɗaya, lokaci ɗaya, hanya ɗaya kowace shekara. Akwai na huɗu wanda ya fi wuya, watau a rubuta abin da aka gani kawai. Ranar da aka fita ba a ga kome ba, a rubuta ba a gani ba, gama wannan ma labari ne. Tsuntsun da ba a gane ba kuwa kada a laƙa masa suna don a cika shafi. Mafarauta da makiyaya sun fi kowa ido a daji, kuma suna riƙe da sunayen tsuntsaye na Hausa da na Fulatanci waɗanda ba su cikin littattafan Turawa. Ɗalibi mai hankali zai zauna da su ya rubuta.

Dagatai da masu unguwanni nasu aikin shi ne na itace: a hana saran gawo da aduwa daga tushe, a bar itacen da shamuwa ke sheƙa a kai ko da kashinta ya dami masu zama a inuwa, in kuma za a yi dashe a haɗa da itatuwan gida, kada a tsaya ga darbejiya kaɗai.

Idan aka tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa, ko da 'yar na'ura a baya, kada a tsorata. Ba laya ba ce, ba kayan leƙen asiri ba ne, kuma ba a kama kowa don ya kawo rahoto. In tsuntsun yana da rai, a karanta duk abin da ke jikin zoben, lamba da haruffa da sunan gari, a rubuta ko a ɗauki hoto, a sake shi da zobensa. In matacce ne, a cire zoben a miƙe shi, a rubuta ranar da wurin da abin da ya kashe shi, a kai wa malamin daji ko shugaban makaranta domin a aika Jos. Amma in tsuntsaye da yawa aka iske sun mutu wuri ɗaya, kada a taɓa su, kada a bar yara ko kaji su kusance su. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya tun Fabrairu 2006, irin wannan mutuwa kuwa likitan dabbobi ake kira mata nan da nan.